Katin da Malam Shu'aibu ya Matsar

Malam Shu'aibu Lawal mutumin Challawa ne, ɗan manoma. A gonar da mahaifinsa ya noma dawa aka gina ɗaya daga cikin masana'antun fata. Shi kuwa aikin lantarki ya koya, ya shiga wani kamfanin robobi a Sharada, ya shekara ashirin da biyu a ciki. Ba mai yawan magana ba ne, kuma ba ya ba da aron kayan aikinsa.

Darajarsa a kamfanin a kan inji ɗaya ta tsaya, wanda ke yanka leda daidai awo. Na hannu ne aka sayo daga waje, kwamfuta ce ke ba shi umarni ta wani kati da aka soke a cikinta. Duk sanda aka ɗauke wuta aka tada janareta, kwamfutar takan tashi amma ta kasa ganin katin, injin ya tsaya cik. Malam Shu'aibu ne ya gano dabarar: a kashe, a zare katin sadarwa da ke kusa da shi, a kunna, a jira ta gama tashi, a sake kashewa, a mayar, a kunna. Bai san dalili ba, bai kuma koya wa kowa ba. Sau uku ko huɗu a rana ake aika nemansa, manaja da kansa ya tsaya a bayansa yana jira.

A shekarar 2006 aka ɗauki Zuwaira Abdulbaqi, wadda ta gama Jami'ar Bayero, don kula da kwamfutocin ofis. Injin ba ya cikin aikinta. Amma sau biyu ta tsaya tana kallon hannun Malam Shu'aibu, a karo na uku ta zo da littafi da biro.

"Malam, na gane abin da ke damunta," in ji ta. "Kowace na'ura a cikin kwamfuta sai an yanka mata fili, an ba ta adireshi, kafin a iya yi mata magana. Mai rabon shi ake kira kanel, shi ne ƙashin bayan manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Katinku babban fili yake so, sai a ba shi wanda ya hau kan na maƙwabcinsa."

"To ke ce dagacin da za ki raba musu iyaka, Injiniya?"

"A'a, Malam. Ni mai kai ƙara ce kawai."

Ta kai ƙarar kuwa. Manhajar irin wadda masu sa kai ke rubutawa ce a ƙasashe daban-daban, sai ta aika musu da saƙo tare da bayanan da kwamfutar ke fitarwa in ta tashi. Wani daga cikinsu ya amsa. Ya ce zai rubuta gyara, amma ba shi da irin wannan tsohon katin, sai dai ita ta riƙa gwadawa tana gaya masa sakamako.

Ba a tsayar da injin sai ranar Juma'a, lokacin da maza ke tafiya masallaci. Wannan awa ɗaya da rabi manaja ya ba ta. Malam Shu'aibu yakan fita da dardumarsa ya bar ta zaune gaban kwamfutar da ya ɗauka tasa ce. Gyara na farko bai yi ba. Na biyu ya ga katin amma ya ɓatar da na sadarwa. Na uku ko tashi bai bari ta yi ba. Kowace Juma'a yakan dawo ya tambaye ta, da fuskar tausayi, ya ji bai yi ba, abincin rana ya yi masa daɗi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne leburorin da ke ɗaukar leda sun fara gaishe ta da Injiniya, kuma su ba da zolaya suke faɗa ba.

Ranar Alhamis ta mako na biyar ya ji tana gaya wa manaja cewa wannan karon tana sa rai. Washegari, kafin ta sauko daga ofis, ya kashe kwamfutar, ya zare katin injin daga raminsa, ya soke shi a na ƙarshe, ya rufe murfin. Sannan ya yi alwala. Bai riƙe komai daga huɗubar ranar ba.

Da ya dawo ya tarar da ita da takardu biyu, tana bin su layi-layi da biro.

"Bai yi ba?"

"Bai yi ba. Amma katin ya yi ƙaura, Malam. Makon jiya a rami na biyu yake, yau ga shi a na biyar. Kwamfutar tana rubuta inda ta same shi."

Ba ta ɗago ba.

"Na mayar da shi na biyu na sake gwadawa, ya yi. Zan aika da duka biyun."

Amsar ta zo ranar Talata. Mutumin ya ce ramin na biyar ta wata hanya dabam yake haɗuwa da kwamfutar, shi kuma gyaransa bai lissafa da ita ba. Ba don an gwada a nan ba, da an saki gyaran da kuskurensa. Ya aiko da na shida, ya yi aiki a kowane rami. Daga wannan makon injin ya riƙa tashi da kansa, Malam Shu'aibu ya koma canza fis da ƙwan lantarki.

Al'adar masu rubuta manhajar ce su sa sunan wanda ya gwada gyara a ƙarƙashinsa. Zuwaira ta same shi a ɗakin janareta.

"Malam, za a rubuta suna. Ku ne kuka gano kuskuren rami na biyar. Lawal ko Lawan zan sa?"

"Kar ki sa."

"Haƙƙinku ne."

"Na ce kar ki sa."

Zuwaira ta rasu a watan Maris na 2009, bayan jinyar kwana tara, tana da shekara ashirin da takwas. Allah ya jiƙanta. Malam Shu'aibu ya je ta'aziyya gidansu a Na'ibawa ranar uku. Ya jira har tabarma ta rage mutane, sannan ya matsa kusa da mahaifinta ya ba shi wannan labarin, bai rage komai ba.

"Ta sani, Alhaji, ba ta kuma gaya wa manaja ba. Ni ban taɓa ce mata na gode ba."

Mahaifin ya ce, "Ko mu ba ta gaya mana ba."

Malam Shu'aibu ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"Na ce kar ta sa sunana, ba ta sa ba. Nata kaɗai ke wurin. Wallahi, Alhaji, har yau wannan ma yana damuna."