Kwanson Harsashi da Idon Kakana

Ko yau na taɓa tagulla, warin nan nata mai tsami-tsami ya kama mini yatsu, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na unguwar Mansur a Makka, ina 'yar shekara tara, a gefen buzun Kaka. Lokacin unguwar duk bukkoki ce da ɗakunan gwangwani, in rana ta take har rufin ƙara yake yi.

Kakana maƙeri ne. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, ya sauke farali ya ƙi komawa. A Makka ya kama ɗura harsashi. Masu raƙuman da ke kai alhazai Madina suna rataye da tsofaffin libarba tun na zamanin Turkawa, saboda kura da ɓarayin hanya, sabon harsashi kuwa wuyar samu gare shi. In sun harba a daji sai su tsince kwanson su ƙulle a bakin rawani, hajji na wucewa su juye wa Kaka a tabarma.

Aikin farko shi ne warewa. A gindin kowane kwanso akwai ɗan gurbi inda ake dasa kabsula, wato maɓallin da ke kama wuta in an harba. Gurbin iri biyu ne, babba da ƙarami, bambancinsu bai fi kaurin farce ba. Ka sa ƙaramar kabsula a babban gurbi, ta faɗo a hanya, bindiga ta yi shiru ranar da ake nemanta. Ka matsa babba a ƙarami, tana iya tashi a hannunka. Kwano biyu Kaka yake ajiyewa. Ya ɗaga kwanso, kallo ɗaya, ƙwal a dama. Ya ɗaga wani, ƙwal a hagu. Ba ya awo, wai awo na 'yan koyo ne.

Wata bazara wani mai raƙuma ya zo, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya ajiye harsashi uku a gaban Kaka, duk gindinsu wayam. Kura ta kashe masa ɗan raƙumi yana riƙe da bindiga. Kaka ya ce laifin kabsula ne, kayan yanzu ba su da albarka. Amma da ya tafi Harami sallar azahar, Baba ya juye kwanonin ya tarar da su a cakuɗe. Dama Inna ta jima tana ganin tsohon yana tsiyaya shayi a gefen kofi. Idonsa ne ke tafiya, kuma in aka yi shiru, wata rana yatsunsa ne za su tafi, ko ran wani a hanyar Madina.

To, wa zai faɗa? Baba ko haɗa ido da mahaifinsa ba ya yi. Inna suruka ce, kunya ta ɗaure mata baki. Saura ni. Kun san jika mace matar kakanta ce a wasa, ta yi masa tsiya son ranta, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Inna ta ja ni bayan randa ta ce, "Mijinki ne. Je ki gaya masa abin da ya fi ƙarfinmu."

Ni dama bakina ba ya mutuwa. Washegari da hantsi na jawo kwanon dama na tsamo bakwai da ba nan ne gidansu ba.

"Angona, ni fa na fasa auren. Mijin da bai san babba da ƙarami ba, gobe sai ya kawo mini tunkiya ya ce raƙumi ne."

Ya tuntsire da dariya. "Ja'ira! Wa zai kwashe ki da wannan bakin?"

Na zuba masa su a tafin hannu. Ya ɗaga ɗaya saitin rana, ya matso da shi, ya nesanta. Ya ɗauki na biyu. Dariyar ta ɗauke. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in ƙwace su in ce wasa nake.

"Ubanki ne ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina."

"Ƙarya kike, Amarya. Amma ƙaryar 'ya'yan halak ce."

Ya lalubo ƙusa ya yi ta goga ta da zarto har ta zama ma'auni: ta shige babban gurbi, ta cije a ƙarami. Dasa kabsula kuwa ya bar wa Baba, ba tare da ɗayansu ya taɓa tayar da zancen ba. Da ƙusar nan ya yi ta warewa har ya koma ga Allah, kuma ba a sake dawo mana da harsashi ko ɗaya ba. Ina alfahari da wannan, ba na ɓoyewa.

Yanzu raƙuman sun tafi, sana'ar ta bi su. Jikokina Larabci ne a bakinsu, yara masu ladabi, su sumbaci goshina su koma gefe. In na tsokane su, su sunkuyar da kai. Ran Juma'a na tsince shinkafa da kaina na dafa musu. Ina ji babban ya tauna tsakuwa, ƙaras, ya haɗiye, ya ce Allah ya yi wa hannuna albarka. Na ajiye cokali ina jira ko ɗaya zai yi mini tsiya. Duk suka cinye.