Yadda Na'Allah Ya Faɗi a Benin

A Sharabi aka haifi Na'Allah, shekarar da ruwa ya cinye gonakin fadama, kuma tun yana goye ba a taɓa yin wata guda cur ba tare da ya kwanta ciwo ba. Mura tasa ce, zazzaɓi nasa ne, in ƙyanda ta shigo gari a gidansu take fara sallama. Uwarsa ta yi jiƙo, ta yi turare, ta yi rubutu, da ta gaji ta sakar wa Mai shi.

Bai mutu ba. Ya tashi siriri, mai tsawon wuya da yawan ƙorafi. Da damina yana noma, da rani yana fataucin kifin banda. Yakan saya a hannun Sarkawa a bakin kogin Kwara, ya ɗaure a kwanduna, ya bi ta Tsamiya ya tsallaka Benin, ya sayar a kasuwar Segbana, wani zubin har Kandi. Da can a keke yake zuwa, daga baya ya samu babur.

To, a wannan fataucin ne aka gano wani hali na jikinsa. Da zarar ya wuce igiyar iyaka, ciwo ya sake shi. A Benin zai ci teba da manja a bakin kwata, ya sha ruwan da jaki zai shinshina ya juya, ya kwana a rumfa sauro na biki a kansa, ya tashi garau yana ciniki da ƙarfin murya. Ya dawo gida, ya cire takalmi, sai ya ce wa matarsa Tasallah ta miƙo bargo.

Tasallah takan ce wa mata a wurin daka, "Ni ban taɓa ganin lahiyar mutumen nan ba. Labarinta kawai nika ji ga matahiya."

Fataken kifin suna da wani asusu. Abin da ya kawo shi, wani abokin tafiyarsu mutumin Geza ne ya taɓa kwantawa a asibitin Kandi. Can kuwa da sefa ake biya, ita kuma naira in ta tsallaka iyaka sai ta rame kamar akuyar bazara. Gado da kuɗinsa, allura da kuɗinta, zaren ɗinki ma sai an rubuto maka ka je ka sayo. Kafin mutumin ya miƙe, gonarsa ta zama ta wani. Sai fataken suka zauna suka yanke cewa duk tafiya, kowa zai zare kifi mafi girma a kwandonsa ya ba Alhaji Badamasi, shugabansu. Shi zai sayar, ya ajiye kuɗin a sefa. Wanda ciwo ya kayar a Benin, asusu ya biya masa asibiti har ya tashi. Wanda ya kwanta a gida kuwa babu ruwan asusu da shi, tunda yana da dangi. Kuma don kada kowane mai ciwon kai ya ce a can ya ɗebo, dole mutum biyu cikin fataken su ga faɗuwarsa da idonsu, su dafa Alƙur'ani su rantse.

Wani saurayi mai jaka ya taɓa zuwa daga Birnin Kebbi ya ce musu wannan abin da suke yi inshora sunansa, kuma kamfaninsu ya fi iyawa. Aka tambaye shi ko kamfanin yana karɓar kifi. Ya ce a'a. Aka ba shi ruwa ya sha, aka nuna masa inda ake hawa mota.

Na'Allah bai taɓa fashin ba da kifinsa ba. Gemunsa yana baƙi ya fara, har ya yi fari fat yana bayarwa, kuma ko ƙwayar maganin ciwon kai asusu bai taɓa saya masa ba. Ma'azu kuwa, taubashinsa, wanda a gida ko atishawa ba ya yi, shi ne ɗan gatan asusun. Ya yi taifot a Segbana, ya faɗi a babur a hanyar Kandi, har haƙori an cire masa da kuɗin jama'a. Duk sanda aka kwantar da shi Na'Allah yakan je dubiya, ya zauna a bakin gado, ya ƙura wa ledar ƙarin ruwa ido.

"Sannu, Ma'azu. Wanga ruwa da ka shiga hannunka, ka san kifina ne?"

"Na sani, bawana. Ina jin ƙamshinsa. Gobe ka zaɓo mai maiƙo, wanga bai da gishiri."

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da ƙaba ta fito wa Na'Allah. Da farko ɗan ƙullutu ne a mara, in ya kwanta ya danna sai ya koma. Daga baya ya fara gardama. Likita a Bagudo ya taɓa, ya ce aiki za a yi, kuma kada a ja lokaci, don ranar da hanjin ya shaƙe ba zai jira kowa ba. Ya faɗi abin da aikin zai ci. Na'Allah ya auna a ransa, ya ga kuɗin sa guda ne da igiyarsa.

Shanun huɗa biyu gare shi, su ne duk abin da fataucin rayuwarsa ya tara. In ya sayar da ɗaya, ɗayan ba zai ja garma shi kaɗai ba, ga damina ta kusa, gabas ta fara yin duhu da yamma. Gidan da bai yi huɗa ba kuwa, kowa ya san a gidan wa zai ci tuwo baɗi: gidan surukai.

Ya dawo ya zauna a gindin turken shanun yana kallonsu. Tasallah ta fito da ƙwaryar fura.

"Malam, a sayar da jan. Shi ya fi ci."

"Ba a sayarwa."

"To a sayar da kai, a yi wa san aiki."

Ya ci gaba da kallon shanun. Can ya ce, "Benin za ni kai ta."

"Wa?"

"Ƙabar. Can za ta kada ni, gaban shaidu. Kifina da anka ci shekara da shekaru, ai ba sadaka na ba da ba."

Tasallah ta dube shi tun daga hula har silifa. "Kai da ko tuntuɓe ba ka yi a ƙasar mutane? To Allah shi ba da sa'ar ciwo."

Ya ɗaure marar da tsohon rawani, ya ja mata kunne kada kowa ya ji, ya ɗora kwanduna. Ita kuwa ba ta gaya wa kowa ba sai matar Ma'azu, wadda ita ma ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta da matan layinsu.

Hanyar Tsamiya ta jijjiga shi yadda ya kamata. Kowane rami babur ya faɗa, sai ya ji kamar an soka masa tsinke, yana cije baki yana murna, yana cewa a ransa ta nuna, saura kaɗan. Suka wuce igiya. Ba su yi nisan kiran sallah ba ya ji marar ta yi sanyi. Ya sa hannu ya laluba. Ƙullutun ya koma ciki ya kwanta abinsa.

A Segbana ya yi duk abin da likita ya hana. Ya sauke kwandunansa shi kaɗai, ya sauke na maƙwabci. Ya taya wasu Dandawa tura motar da ta maƙale. Ya ci wake da yaji har ya yi gumi. Duk inda zai yi waɗannan sai ya tabbata Alhaji Badamasi da Ma'azu suna kusa, don kada faɗuwa ta zo babu mai gani. Kifi ya ƙare, kasuwa ta watse, wata kasuwar ta ci, Na'Allah sai ƙara haske yake yi. Kumatu ma ya fara.

Ma'azu ya same shi a rumfar mai shayi. "Bawana, mi kaka jira? Kowa ya ɗaure kaya."

"Iska nika sha."

"Sha da kyau. In kana son wuri mai laushi, ga yashi can bayan masallaci. Ka yi mini magana kahin, in kira Alhaji, kada ka yi ta a banza."

Na'Allah ya ajiye kofin. "Wa ya gaya maka?"

"Ni? Ba wanda ya gaya mini komi. Na dai ga kana ɗaukar kayan mutane kyauta, abin da ba ka taɓa yi ba tun da anka haife ka."

Guzuri ya ƙare, dole aka juyo. Na'Allah ya sayi buhun waken suya ya ɗaure a bayan babur, ransa a ɓace, jikinsa lafiya lau. Suka iso iyaka da la'asar, aka sauke musu igiya suka wuce, suka tsaya a inuwar farko ta ɓangaren Najeriya don su yi sallah. Buhun ya ɗan karkace. Na'Allah ya sunkuya ya gyara shi.

Nan ƙabar ta kama shi. Ya yi wata ƙara, ya dafe mara, ya zube a ƙasa yana amai. Ƙullutun ya fito ya yi tauri kamar ɗanyen goruba, ya danna ya danna ya ƙi komawa. Daga inda yake kwance yana hango igiyar, ko jifa ba ta kai ba.

Fatake suka kewaye shi. Ma'azu ya daina dariya, ya tallafo kansa, ya dubi Alhaji Badamasi.

"Alhaji, mu ce can ya hwaɗi. Wa zai tsaya aunawa?"

Alhaji Badamasi mutum ne da bai taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba, shi ya sa ma aka ba shi riƙon kuɗin. Ya girgiza kai. "Nan ya hwaɗi. Ni na gani, kai ka gani. Ba ni dafa Littafi in ce Benin."

"To shanunsa fa?"

Alhaji ya dubi Na'Allah, ya dubi igiya, ya shafa gemu. "Abin da munka ce, wanda anka ga ya hwaɗi a Benin. Ba mu ce hwaɗuwar farko ba. Kama ƙafafun."

Suka ɗauke shi, Alhaji ta kafaɗu, Ma'azu ta ƙafa, suka nufi igiya. Jami'in da ya sauke musu ita ɗazu yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa.

"Ina kuma za ku da shi?"

"Nan gaba kaɗan, ranka shi daɗe," in ji Ma'azu. "Ya yi kuskuren wuri."

Jami'in ya dubi fuskar Na'Allah, ya ga ba ta wasa ba ce, ya sauke igiyar. Suka wuce har sai da Alhaji ya tambayi wata mai tallan ƙosai ko nan ƙasar wa ce, ta ce Benin. Sannan suka tsayar da shi a kan ƙafafunsa, suka gyara masa hula.

"Sake shi," in ji Alhaji.

Suka saki, suka ja da baya. Na'Allah ya tsaya. Ya tanƙware kamar lauje, gumi na zuba, idanu sun juye, amma yana tsaye.

"Bawana, hwaɗi mana!"

"Ina so," in ji Na'Allah da ƙyar. "Ƙafar ce ta ƙi."

Ma'azu ya ɗaga hannu zai taimaka masa. Alhaji ya riƙe hannun. "Kada ka taɓa shi. Wanda anka ture, faɗa ne, ba ciwo ba. Asusu bai biyan faɗa."

Aka tsaya ana kallo. Mai ƙosai ta bar ƙosanta yana ƙonewa. Jami'in ya taso da gyaɗarsa ya jingina da durom ɗin da aka ɗaure igiyar a jikinsa. Wani ɗan acaba ya kashe mashin. Na'Allah ya yi layi gaba, ya yi baya, kowa ya bi shi da kai. Ya buɗe baki zai zagi Ma'azu, zagin bai fito ba, gwiwoyin suka saki, ya tafi ƙasa gaba ɗaya.

"Ka gani?" in ji Alhaji.

"Awo, na gani."

"Ni ma na gani. Nemo mota."

A ranar aka shiga da shi ɗakin tiyata a can Benin. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri da hanjin ya mutu, ya tambayi abin da ya tsayar da su a hanya. Ma'azu ya ce sha'anin iyaka ne. Alhaji Badamasi ya kwance sefa ya biya gado, ya biya aiki, ya biya zare da allura da ruwan da aka ƙara masa. Da aka koma gida ya tara fatake, shi da Ma'azu suka yi alwala suka dafa Alƙur'ani, suka ce sun ga Na'Allah tsaye a ƙasar Benin, babu mai riƙe da shi, sun ga ya faɗi. Wani ya buɗe baki zai yi tambaya, aka tuna masa cewa shi ma yana da mara.

Shanu biyu suka kwana a turkensu. Sai dai likita ya ce wannan daminar Na'Allah ba zai riƙe garma ba, ko tulu kada ya ɗaga. Ruwan shuka na sauka Ma'azu ya yi sallama da sassafe, ya kwance shanun, ya ce zumunci ya kawo shi, shi zai yi wa ɗan'uwansa huɗa. Ya kora su, ya wuce gonar Na'Allah ko waiwaye bai yi ba, ya shiga tasa.

Na'Allah ya lallaɓa da sanda har bakin gonar, Tasallah na biye da shi da tabarma.

"Ma'azu! Wagga gonar wa ce?"

"Gwaji nika yi, bawana! Kada in je in ɓata maka kunya!"

Sai da ya gwada su a gonarsa kaf, har da ta matarsa, sannan ya shiga ta Na'Allah. Ya huɗe ta tsaf kuwa, ba a makara ba, gero ya yi kyau a shekarar. Na'Allah yana zaune a gindin kirya tun daga kunyar farko har ta ƙarshe, yana faɗa masa cewa ta karkace.