Ranar Mai Takalma

A gidanmu na unguwar Misfala a Makka, da an idar da sallar magariba sai kakata, wadda muke kira Sitti, ta fito da murhun gawayi tsakar gida ta ɗora shayi, mu jikokinta shida mu kewaye ta. Labaranta ba sa ƙarewa, amma akwai guda da ba ta bayarwa sai sau ɗaya a shekara, ranar da aka ga watan Rajab. A ranar har dabino take rabawa.

Da ƙafa Sitti ta zo Makka daga Katsina, tana goye da babanmu. Kusa da Masawa, a bakin Bahar Maliya, ƙafafunta suka tsattsage, zazzaɓi ya kwantar da ita, ayari ya wuce. Wata Bahabashiya 'yar Katolika ce ta ɗauke ta, ta yi jinyarta har ta miƙe. Ranar da ta fara taka ƙasa, matar ta ce mata su kowace rana da waliyyinta, kuma yau ranar wata baiwar Allah ce. Sunan ya gagari harshen Sitti, sai ta raɗa mata Mai Takalma.

Ita wannan waliyya, in ji Sitti, gidanta a bakin hanya yake. Duk matafiyin da ta gani ba takalmi sai ta cire nata ta ba shi, ta zauna ta ɗinka wani, kafin ta sa shi kwana biyu wani ya sake zuwa. Dangi suka yi faɗa har suka gaji. Haka ta tsufa tana taka ƙaya da rairayi mai zafi. Da ta rasu aka zo shirya ta, sai aka tarar da tafin ƙafarta sumul kamar na jariri.

Bahabashiyar ta ƙi karɓar komai, ta ce ladan jinyarta ɗaya ne, duk shekara a wannan rana Sitti ta ba wani labarin. Sitti ta tambayi wani malami a tashar jirgin ruwa, ya ce ai ranar ɗaya ga Rajab ce, ta ƙulle a zuci. Babanmu kan ce ta rage murya saboda maƙwabta, ita kuwa sai ta ce, "Ya waladi, addininta nata, nawa nawa. Amma alkawari kaya ne."

Ni na ɓata lissafin. Ina ɗan shekara goma sha biyu aka koya mana a makaranta cewa Nasara da rana suke ƙirga shekara, mu da wata, tamu kuma ta fi tasu gajarta. Na dawo gida kaina ya kumbura, na tsaya gaban murhu na sanar da Sitti cewa ranarta ta daɗe da gocewa, shekaru nawa tana ba da labarin a ranar wani waliyyin daban.

Na zaci za ta yi dariya. Sai ta bar shayin ya ƙone, na ga idonta ya cika, wallahi na yi da-na-sani. Ta tambaye ni ko na san ranar gaskiyar, na ce a'a. Ta tambaya ko ranar tana cikin shekara dai, na ce dole.

"Tayyib, maigidana mai boko," ta ce. "Daga yau kullum ne. In ga ta inda za ta kuɓuce mini."

Haka aka yi. Kowace yamma sai Mai Takalma ta fara cire takalminta kafin mu ji wata tatsuniya, ba dabino kuma, don Sitti ta ce ita ba gonar dabino gare ta ba. 'Yan'uwana suka yi ta harara ta har watan Rajab ya zagayo. Na tuna mata cewa shekarar rana ta fi tsawo, ta ƙara kwana goma sha biyar don a tabbata, yayata ta mintsine ni.

Yanzu na girme wa shekarun Sitti na lokacin. Na yi alkawura masu takarda da shaidu, waɗansu na sami hujjar zamewa na zame. Ita kuwa wadda ta yi wa alkawarin tana can ƙetaren teku, ba ta san ko Sitti ta isa Makka da rai ba, ba kuma za ta taɓa tambaya ba. Daren da aka cika kwanakin, Sitti ta shafa fatiha ta ce, "Alhamdulillahi, yau ko na mutu na biya matar nan sau ɗaya."