Rumbun Yaya Habu da Wayar Rabi

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Yaya Habu a Gwarzo ya san ba a gama gaisuwa da waya a aljihu. Kana "ina kwana", yana "lafiya lau, kawo wayar." Ni da nake ƙanwarsa ciki ɗaya, in na taso daga Kabo, ko takalmi ban gama cirewa ba zai miƙo hannu: "Asabe, me kika ɗauko mana? A zuba a Rumbu."

Rumbu, ga wanda bai sani ba, wata tsohuwar kwamfuta ce da ya tsinto wajen 'yan gwangwan bayan ya bar gyaran rediyo. Ya haɗa mata ƙaramar talabijin da batirin sola, ya mayar da ita ma'ajiyar dangi. Yara na ce mata "saba" da Turancinsu, shi kuwa ya ce Rumbu ne, kuma namiji ne. Wayar da ya yi wa rajista, da ta shigo gidan sai ta juye hotuna da muryoyinta a ciki da kanta. Suna, biki, saukar karatu, har hoton akuyar da ta haifi uku, duk suna nan.

Fanka ɗaya ce a gidan, kuma ta Rumbu ce. Ana tsakiyar bazara, muna zaune gumi har gadon baya, fanka na can ta juya mana ƙeya tana fifita inji.

Na ce, "Haba Yaya, baƙi fa muke!"

Ya ce, "Ke kina da mafici da hannu. Shi wa ya ba shi hannu?"

Matarsa Rabi, Allah ya ji ƙanta, ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, ni ma jona min waya a jiki ko na samu iska." Ya ce ta kawo rasit ɗinta tukuna ya ga ko tana da garanti. Haka suke, kullum cikin tsiya. Da ta rasu, zauren nan ya yi shiru har ba na son shiga.

Tabarau kuwa ya rantse ba zai sa ba. Wai idonsa garau yake, rubutun zamani ne ya ƙanƙance. Shi ya sa duk abin da inji ya rubuta sai an kira ni, tunda Turanci nake koyarwa a firamare.

Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne abdet, wato sabunta manhajar inji. Kullum saƙo zai fito yana roƙon a sabunta, kullum Yaya zai amsa masa da baki: "Mun gode, mun ƙoshi." Shekara da shekaru! Sai ranar da abokinsa Malam Isa ya zo daga Garo, ya ga saƙon, ya kece da dariya.

"Habu, injin nan ya tsufa kamar mai shi. Tsoron sabon abu kuke, kai da shi."

"Wa ke tsoro?"

"Kai mana."

Wallahi ko numfashi bai ja ba ya danna. Malam Isa ya sha shayinsa ya hau babur ya koma Garo lafiya lau, ya bar mu da jinya.

Washegari Rumbu ya faɗi. A kunna, ya yi aiki kaɗan, ya sake ɗaukewa. Yaya ya kira ni: "Asabe, taho, ba lafiya." Na bar tukunya a wuta, na hau mota ina salati, na zaci shi ne. Na iso na tarar da shi garau, tsugune gaban inji da tocila. Kai, ranar na yi masifa! Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Muryar Rabi na ciki. Babu ta a ko'ina sai nan." Ya ce irin wannan faɗuwar, in ta yawaita, tana iya lalata faifan ajiyar gaba ɗaya.

Ya buɗe inda inji ke rubuta duk abin da ya dame shi. Shi koke yake kiran wurin. "Karanta min kokensa. Ba a ba mara lafiya magani sai an ji ta bakinsa."

Na duba. Layi ɗaya ne, an maimaita shi ba iyaka, in ka ja ƙasa kamar ba zai ƙare ba. Muka kira ɗansa Nura da ke aikin kwamfuta a Kano, muka tura masa hoton rubutun ta waya. Nura ya ce ai ga matsalar nan: tun da aka sabunta, injin yana neman wani abu bai samu ba, yana ta rubuta kuka har rubutun ya cika masa ciki, sai ya sume. In an share, ya farfaɗo, ya sake cikawa.

Yaya ya ce, "Au, surutu ne ke kashe shi?"

Na ce, "Gado ya yi."

Ya harare ni. "Karanta min abin da yake nema."

Na matsa kusa, na karanta. Ya ce in faɗa mana. Na ce, "Cewa yake bai ga wayar Rabi ba."

Nura ya ce, "Baba, abu mai sauƙi ne. Tsohuwar manhajar in waya ta daɗe ba ta zo ba sai ta haƙura, wannan ba ta haƙura. Cire sunan Inna daga rajistar kawai, ba abin da zai taɓa muryoyin."

"In cire wa?"

"Sunan ne kawai, Baba."

"Uwarka ce kawai? Kashe wayarka, katina na ƙarewa."

Ya shiga ɗakinta, ya buɗe akwatin da bai taɓa ba tun rasuwarta, ya fito da wayar a ƙulle cikin ɗankwali. Batirin ya kumbura. Mutumin da silifas ɗinsa ya sha ɗinki har ba a gane asalin launinsa, ranar da ƙafarsa ya je kasuwa ya sayo batir sabo dal, ko tayi bai yi ba. Mai shagon har ya biyo shi waje yana tambaya ko lafiya.

Ya sa batir, wayar ta kawo haske. Muka zuba wa talabijin ido. Layin nan da ke ta zuba sai ya tsaya cak. Can sai ga wani sabo guda ɗaya: an same ta.

Yaya ya share ido da hannun riga, wai hayaƙin tukunyar maƙwabta ne. Ya ce, "Kin gani? Ba lalacewa ya yi ba. Cigiya yake." Sannan ya kunna mana wani tsohon saƙonta, tana faɗa ya taho da manja kar ya tsaya surutu a hanya. Muka yi dariya har da hawaye. Rumbu bai ƙara faɗuwa ba, wayar kuma ba ta ƙara barin caji ba har Yaya ya bar duniya.

Bayan sadakar bakwai Nura ya kawo min Rumbu Kabo, ya ce ni na fi sanin kokensa. Yana haɗa wayoyi ya tsaya, ya ce, "Gwaggo, wayar Baba fa? Zai fara nemanta."

Na ce, "Miƙo ta nan."

Yanzu waya biyu ce ke caji a gefensa, fankata kuma ta juya min ƙeya. Jikokinmu da ba su riske su ba suna zuwa su ji muryar su biyun suna tsiya, kuma duk wannan albarkacin taurin kan mutum ɗaya ne. Mun gode, Yaya. Allah ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka fiye da yadda ka sanyaya wa injin nan, ya sada ka da Rabi a Aljanna ba tare da cigiya ba. Amin.