Ashafa, Mai Kiwon Kalmomin Masunta

Ranar Talata, sha huɗu ga Afrilu, 1987, ana tsakiyar watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Malam Ashafa Challawa, fomanmu a kamfanin saƙa ragar kamun kifi da ke Sharaɗa, bayan gajeriyar jinya. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ni Gwadabe, da injina ke kusa da nasa shekara da shekaru, yau na rasa abokin musu.

Ashafa, ka tuna shekarar da kamfani ya tura ka Ingila koyon gyaran injin saƙa? Duk mun zaci da Turancin rediyo za ka dawo. Ina! Ashe wani garin masunta aka kai ka a bakin teku, ka kwaso mana Turancin da babu shi a littafin makaranta. Kwale-kwalensu wai kobul, rigar sanyin da matansu ke saƙa musu ganzi, hazon da ke tasowa daga teku kuma firet. Na ce maka, "Kai dai an yi asarar kujerar jirgi." Ka yi dariya har da riƙe ciki.

Sai daga baya ka faɗa mini dalili. Tsohuwar da ka sauka a gidanta mai ɗinkin raga ce. Jikokinta sun koma birni, in ta yi magana irin ta garinsu dariya suke mata. Ta ce maka jiragen kamun kifinsu suna ƙarewa, maganar kuma tana bin su. Wannan ya soke ka, domin mahaifinka masunci ne a kogin Challawa, ga shi ruwan ya fara ɓaci, kifi ya ja baya, 'ya'yan masunta duk sun dawo aikin kamfani. Ka ce, "Gwadabe, in tsofaffin nan suka tafi, wa zai bambanta mali da undurutu? Ka ga kowanne tarkon kifi ne, amma ba ɗaya ba ne." Wannan tsoron bai taɓa barinka ba.

Shi ne ka kafa mana doka a kwanon rana. Ba mai sa hannu a tuwo sai ya faɗi kalma ɗaya ta masuntan garinsu, ya kuma yi bayaninta. Mamman, mutumin Nijar, ya kawo nasa, Bala Bahaɗeje ya kawo nasa, kai kuma ka jefo na Turawanka a tsakiya. Ni da ban san wani ruwa ba sai na randa, wallahi ka sha ba ni haushi. Ga yunwa, ga tuwo yana hucewa, kai kuwa kana nan kana tambayar yadda ake jefa ragar birgi. Sau nawa na ce maka kalma ba ta cika ciki?

Amma ba surutu kaɗai ka iya ba. Kai ne ka kashe inji ranar da ya kama hannun rigar Bala, ka kuma tsaya gaban manaja ka ce ba za a tayar da shi ba sai an sa masa murfi. Kai ne ka roƙi a riƙa ba ka guntayen zaren da ake zubarwa, kana kai wa tsofaffin masunta ranar Juma'a, ka zauna kana taya su ɗinke raga. Ba ka taɓa faɗa mini ba, a bakin wani na ji.

Da na je duba ka a asibiti, ka ce mini, "Ina ganin ɗiban ruwa na yi da kwando." Na fito zuciyata a jagule.

To, bari in ba ka labarin abin da ba ka gani ba. Ranar sadakar uku, masuntan suka zo a ƙafa daga bakin kogi, suka zauna tabarma ɗaya da mu. Babbansu, Baffa Sule, ya ce, "Shi ke nan, mai tambayarmu ya tafi." Sai Bala ya gyara zama ya ce, "Baffa, mamarin da kuke sakawa, ƙugiyoyinsa da koto ne ko haka nan?" Tsohon ya ɗago kai ya dube shi. Mamman ya sa baki, wani ma ya sa, har liman ya yi gyaran murya kafin aka yi shiru. Baffa Sule ya share ido da bakin rawani, ya ce duk mai son sani ya same shi ranar Juma'a. Mutum biyar suka je.

Allah Ya jiƙanka, Ashafa, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajjo, da 'ya'yanka Zuwaira da Uba, da masuntan Challawa baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Juma'a mai zuwa da ni za a je bakin kogin, ni da na fi kowa yi maka tsiya.