Yadda Duba-gari Ya Juya wa Surukinsa Baya

Mijina duba-gari ne, kuma duk wadda ta auri duba-gari ta san irin haƙurin da Allah ya zuba mata. Mutum ne da zai ɗaga murfin tukunyata ya leƙa ƙarƙashinsa kafin ya tambayi lafiyar yara. Tun da na san shi, kafin abin da zan ba ku labari, bai taɓa cin abincin sayarwa ba, ko da ƙosai ne. Cewa yake abin da idonsa ya gani a bayan shagunan Katsina ya ishe shi har ranar da za a binne shi. Abu na biyu da bai taɓa yi ba shi ne sa loma a gaban mahaifina. Wannan kam ba zan ɗora masa laifi ba, haka muka tashi muka tarar, namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Amma shi ya kai abin maƙura. Ko ruwa aka kawo masa a gidanmu na Ƙofar Durbi, sai ya jira Baba ya tafi masallaci sannan ya kurɓa.

A shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, akwai wani ɗan gidan abinci a bakin GRA, na wata mata 'yar ƙasar Biyetnam da mijinta. Shi aikin injinan ruwa ya kawo shi tun zamanin soja, aikin ya ƙare, ruwan Katsina bai sake shi ba. Sai suka mai da falon gidansu wurin cin abinci, shi yana kicin, ita tana fama da baƙi. Garin nan kaf 'yar Caina ake ce mata. Ta gaji da gyarawa ta bari. Ni Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini Hajiya tun ban je Makka ba.

A wurin mahauci muka haɗu. Ina da cikin autana, kome na sa a baki sai ya dawo, na tsaya ina toshe hanci ana yanka mini nama, ita kuma tana zaɓen ƙashin saniya ɗaya bayan ɗaya. Ta dube ni, ta dubi cikin, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ki zo gida, sha romo, amai ya tafi." Na je don kunya. Romo ne garai-garai har kana hango gindin kwano, da taliyar shinkafa fara, da nama yankan siriri, ta tsinka ɗoɗɗoya da na'a-na'a a kai ta matsa lemun tsami. Ƙamshin citta da kanumfari ne ya fara shiga kaina. Na shanye, na zauna ina jiran ya dawo, bai dawo ba. Da romon nan na raini cikin har na haihu, saboda haka kada wanda ya tambaye ni abin da ya haɗa ni da ita.

To, sai karen wani sabon ɗan siyasa ya ɓata a GRA. Kare dai, irin na Turawa, mai cin abin da ya fi na direban gidan. Kwana biyu ba a yi ba magana ta zaga gari cewa a tukunyar 'yar Caina ya ƙare. Wani ya ce ya ga wutsiya a bola. Wani ya ce dama kwaɗi take dafawa. Wata maƙwabciyata a Kambarawa, wadda ko hanyar wurin ba ta sani ba, ta rantse mini har da dafa ƙirji. Na ce mata, "Ke da kike zuba daddawar da ta shekara a miya, yau ke ce mai ƙyanƙyami?" Muka yi wata guda ba ma gaisawa.

Ma'aikatan da ke zuwa cin rana suka ɗauke ƙafa. Na je na tarar da Madam ita kaɗai tana goge teburan da ba wanda ya ɓata. Ta ce idan wata ya ƙare haka, za su kulle su koma Ikko. Ba ta yi kuka ba, amma ta goge tebur ɗaya sau uku. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma in faɗi gaskiya har da tsoron rasa romona.

Na fara da na gida. Na ce, "Baban yara, kai ne duba-garin yankin nan. Ka shiga kicin ɗinta sau nawa?"

Ya ce, "Na shiga. Ya fi naki tsabta."

Na haɗiye wannan don ina da buƙata. Na ce, "To ka je ka ci a gan ka mana."

Ya ce shi aikinsa dubawa ne, ba ɗanɗanawa ba, ya ja jaridarsa.

Sai na nufi Ƙofar Durbi. Baba shi ne limamin masallacin unguwarmu, tsoho mai fara'a wanda in ya so tsokana sai ya ɗaure fuska tamau kamar zai yi wa'azi. Abin da ya tsana a duniya shi ne ƙazafi. Na zayyana masa kome. Ya ce, "Wa ke yi mata yanka?" Na gaya masa mahaucin, ashe wurinsa shi ma yake sayen naman miya. Ya ce, "In haramun take dahwawa, ashe tare muka ci. Asabar bayan Azahar mu tahi." Na ce ai gwiwarsa ba za ta ɗauki acaɓa ba, sai dai baban yara ya kai mu a mota. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe yana dubana. Ni 'yarsa ce, ya san abin da na ƙulla.

Ranar Asabar mijina ya ajiye mu a ƙofar wurin, ya kashe mota, ya gyara zama da nufin jira a ciki. Daidai tsallaken titi akwai mai shayi a gindin dogonyaro, inda direbobin manya da 'yan acaɓa ke yini, kuma a nan aka haifi labarin karen. Suna ganin rawanin Liman hira ta tsaya. Baba ya fito a hankali, ya dafa ƙofar mota ya ce, "Malam, taho ka riƙa mani hannu, matakalar nan ta yi mani tsawo." Matakala biyu ce, wallahi, kuma ta masallacinsa ta fi ta. Haka mijina ya shiga, yana riƙe da hannun suruki kamar mai riƙe da ƙwai.

Madam ta rasa inda za ta sa kanta. Ta kira mijinta ya fito daga kicin da tsumma a kafaɗa, suka rusuna wa Baba tare. Baba ya ja gaisuwa kamar a zaure, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen ƙasarsu da damina a can, suna ta "lafiya lau" har ta ƙare musu. Sannan ta zaunar da mu a babban tebur na jikin taga, mu uku, a tebur ɗaya. Ni dama ina cin abinci gaban Baba tun ina yarinya. Mijina kuwa ya ɗosana a bakin kujera, idonsa a kan takalminsa.

A al'adarsu, kamar yadda ta taɓa gaya mini, babba ake fara miƙa wa abinci da hannu biyu, kuma mai gida da kanta take tsamo nama mafi kyau ta sa wa baƙo a kwano. Baƙon da ya bar abin da aka sa masa ya ci fuskar gidan. Ta ajiye wa Baba, ta ajiye wa mijina, ta ajiye mini, da cokali da 'yan tsinkaye biyu na katako da suke ci da su. Baba ya ɗaga tsinkayen ya jujjuya, ya ce shi ba saƙa ya zo yi ba, ya ajiye. Ya sunkuya ya shaƙi tururin, ya yi bisimilla.

Madam ta tsamo yanka mai kyau ta sa a kwanon mijina. Ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Ta ƙara wani. Ya ce, "Na gode, a ƙoshe nake." Ta tsaya da tsinkayen a sama, ta dubi kwanon, ta dubi taga inda mutanen gindin dogonyaro suka miƙe tsaye suna leƙe, sannan ta dube shi. A hankali ta ce, "Oga duba-gari, kai ma ka yarda kare ne?"

Nan fa abin ya juye. Liman ya ci, amma duba-gari ya ƙi taɓawa a gaban jama'a: gara ma a ce ba mu zo ba. Kafin La'asar labarin zai kai Ƙofar Durbi, kuma ba wanda zai ce kunyar suruki ce. Da na buɗe baki na yi wa Madam bayani, da ta gane, amma 'yan tsallaken titi fa? Sai kawai na matsa lemun tsami a romona.

Baba ya ajiye cokali. Ya ɗaure fuskar nan tasa ta wa'azi ya ce, "To ni ma na hwasa. Malam shi ya san abin da ke bayan shaguna. In bai ci ba, akwai abin da ya gani da ban gani ba."

Mijina ya ce, "A'a Baba, wallahi ba kome, wurin nan tsaf yake."

"To mi ya hana ka?"

Ina zai iya faɗa? A ce wa suruki "kunyarka nake ji" ai wata rashin kunyar ce. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula. Ya dube ni yana neman agaji, na ɗaga kwano na rufe fuskata da shi. Shekara nawa mutumin nan yana leƙa mini murfin tukunya, yau kuma ni zan cece shi?

Sai ya miƙe. Na ɗauka mota zai gudu. Ashe dabara ta zo masa. Ya kama kujerarsa ya juya ta, ya ba Baba baya, ya ɗauki kwanon ya ɗora a dakalin taga. A lissafinsa, in suruki bai ga bakinsa ba, kunya ta tsira. Abin da bai lissafa ba shi ne tagar babba ce, ba labule, kuma titi take kallo. Ya ɓuya wa mutum ɗaya, ya fuskanci mutum ashirin.

Cokalin farko da ƙyar ya shiga, kamar mai shan maganin zazzaɓi. Na biyu ya ɗan jinkirta a baki. Daga na uku sai muka fara jin ƙarar zuƙar taliya. Mutumin da bai taɓa sanin abincin waje ba ya manta da Baba, ya manta da titi, ya ture hula baya, taliya na lilo a haɓarsa. Madam kuwa tana ganin kwano ya yi ƙasa sai ta cika, don a wurinsu kwano in ya ƙare yunwa ce ba ta ƙare ba. Shi kuma an hore shi tun yana yaro kada ya bar saura. Ita tana cikawa, shi yana shanyewa, ba mai niyyar sarewa. Sai da na ji tausayinsa na ce mata ya isa haka, kada mu koma gida da gawa.

Kafin mu fito, direbobi biyu sun tsallako suna tambayar nawa ne kwano. Cikin mako wurin ya cika. Abin da ya fi ba ni dariya, duk wanda ya shigo sai ya juya kujerarsa ya fuskanci taga, wai haka 'yan Caina suke ci, ai sun ga duba-gari ya yi. Madam ta yi bayani har ta gaji, daga baya ta sa kafinta ya kafa mata dogon katako a jikin tagar. Karen kuwa ya dawo da kansa bayan wani lokaci, da rakiyar wata karya ta unguwa. Ba wanda ya je ya ba Madam haƙuri, sai dai sun ci gaba da zuwa cin abinci.

Baba ya mai da abin al'ada. Duk wata sai ya aiko a gaya wa Malam gwiwa ta motsa, romo take so. Mu je mu uku, mijina ya riƙe masa hannu a matakala, ya juya kujera, ya ci abinsa. Shekaru muka yi a haka, bai taɓa waiwayowa ba.

Da Baba ya rasu, Madam da mijinta sun zo gaisuwa har Ƙofar Durbi, ta yafa mayafi a karkace, ta zauna cikin mata tana amsa "amin" a inda ya dace da inda bai dace ba. Bayan an yi arba'in, mijina da kansa ya ce in shirya mu je. Muka zauna a teburinmu. Ya kama kujerar zai juya kamar kullum, sai ya tsaya, ya mai da ita yadda take, ya zauna yana fuskantar wurin da Baba ke zama. Madam ta kawo kwano biyu ta koma kicin da sauri.

Romon ya huce bai taɓa ba. Can ya ce, "Sau nawa muka ci tare da shi, ban taɓa ganin yadda yake ci ba. Da cokali yake sha?"

Na ce, "A'a. Kana juya baya yake ajiye cokalin, ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya kafa kai. In ya sauke, sai ya nuna mini ƙeyarka da baki, ya yi ta dariya ba sauti har hawaye su zubo masa."

Mijina ya jawo kwanonsa gabansa. Sannan ya ture cokalin gefe, ya ɗauki kwanon da hannu biyu.