Wankan da Ya Hana Motar Baba Tashi

Bayan rasuwar Baba, tsohuwar motarsa ta tsiro da wani hali: kullum da safe sai ta ƙi tashi. In murɗa makulli, ta yi ta tari kamar mai mura, shi ke nan. Amma da azahar, taɓawa ɗaya ta kama. Haushi kamar in fasa sitiyari!

Yayana, wanda dama ya tsane ta, ya ce ta zubar mana da mutunci a Nassarawa. "Ran Juma'a 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa za su zo su kwashe ta." Na ce sai dai su kwashe mu tare. A motar nan Baba ya koya mini tuƙi, yana dungurina.

Na sake batir, na sayi sababbin fulogi, aka wanke kafireta har sau biyu. Duk a banza. Ran Laraba na je Hotoro na ɗauko tsohon bakaniken Baba, na zayyane masa komai. Ya ce, "Mai, wuta, iska, su kaɗai mota ke nema. Wadda ke tashi da rana kuwa lafiyarta ƙalau. Gobe bayan asuba zan zo, kar kowa ya canza abin da ya saba yi."

Ya zo, ya zauna a gindin mangwaro ko motar bai taɓa ba. Can sai ga maigadinmu, dattijo mutumin Jigawa, shekararsa ashirin a gidan, yana janye da tiyo. Ya wanke jikin motar, ya wanke taya, sannan ya ɗaga murfin inji ya sakar masa ruwa.

Na daka tsawa, "Baba maigadi! Me kake yi haka?"

Ya ce, "Alhaji ba ya son ƙazanta. Ran da aka kai shi makwancinsa na yi alkawari ko cikinta ba zan bari ya yi datti ba."

Na so in yi faɗa, kunya ta hana ni.

Bakanike ya cire hular da wayoyin fulogi ke fitowa daga cikinta, ya nuna mana ruwa kwance, ya goge da tsumma, ya dubi maigadi. "Wuta ba ta shiri da ruwa, Malam. Sai rana ta busar da ita take tashi. Ka wanke waje, ka bar mata cikinta." Ya ce in murɗa.

Taɓawa ɗaya ta kama. Wallahi sai da na kifa kai a sitiyari don daɗi.

Da na ɗago, sai ga Hajiya, mahaifiyarmu, a bakin ƙofa riƙe da kofin shayi. Shekara talatin, da ta ji ƙarar injin nan da sassafe take kawo wa Baba shayinsa. Ta dubi kofin, ta dube ni, sannan ta miƙa wa maigadi.

Ta ce da ni, "Ka gaya wa yayanka, motar nan ba inda za ta."